Babur Mara Tanki

Wa ya aike ka bayan ɗakin girki da magaribar nan, har kana ɗaga tamfol kana leƙen abin da ba a nuna maka ba? Kai kaɗai ne mai ido a gidan nan? Yayyenka sun tashi suna wucewa ta gefen babur ɗin nan safe da yamma, babu wanda ya taɓa zuwa ya tsare ni da tambayar ina tankinsa ya tafi. To, tunda ka tambaya, zauna. Ku ma ku matso, kada gobe wani ya sake dawo mini da ita. Ke, cire yatsa daga baki. Sau ɗaya zan faɗa, wanda ya katse ni kuwa zai ji a jikinsa.

An yi wani bakanike da ake kira Mai Sifana. Gyaran baburan haya yake yi a wata rumfa a bakin titi, kuma hannunsa na da kyau, wannan ba mai musu. In inji ya yi tari a ƙarshen layi, kafin mai shi ya iso ya riga ya san abin da ke damunsa. Aibinsa ɗaya ne: ba ya iya ganin araha ya kau da kai. Yana da mata, wadda yake kira Maman Auta, da 'ya'ya da suka girma suka kama gabansu, sai ƙaramarsu, Auta, yarinya mai surutu kamar an kunna rediyo, wadda yake ji da ita fiye da kowa.

Shekara da shekaru yana da buri guda, ya samu tsohon babur ƙirar Ingila, irin masu nauyin nan da aka daina yi tun kafin a haifi iyayenku, ya tashe shi da hannunsa. Ya ji cewa akwai masu kuɗi da ke tara irinsu su jera a falo suna kallo, ba don hawa ba. Maman Auta ta ce wannan ai ciwo ne, ba arziki ba. Shi kuwa bai daina baza kunne ba, har ran da wani da ya kawo gyara ya ce masa akwai wata tsohuwa a layin da ma'aikatan jirgin ƙasa suka zauna a da, mijinta ya rasu ya bar wani a kulle a ɗaki, ya fi shekara talatin ba a taɓa shi ba.

Bayan la'asar ya rufe rumfa ya tafi. Ya tarar da tsohuwar a tsakar gida tana tsince zare daga wani tsumma, 'yar firit da ita, ido ƙyar a kansa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kira ta Iya, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Ta tashi ta ɗauko mabuɗi, ta ja shi zuwa wani ɗaki a can ƙuryar gidan. Da suka isa ƙofa ta tsaya, ta yi sallama a hankali, ta ɗan saurara kamar mai jiran a amsa, sannan ta murɗa kwaɗon. Mai Sifana ya ga haka, ya ce a ransa tsufa ya fara taɓa ta. Kuma Allah ya gafarta masa, daɗi ya ji, don yana ganin cinikin zai yi sauƙi. Shi da bakinsa ya faɗi wannan daga baya.

Ɗakin duhu ne, da wani irin sanyi da bai dace da lokacin ba. Ƙura ta rufe komai, tsohon gadon ƙarfe, akwati, fitilar da gilashinta ya fashe. Ya yaye buhunan da aka lulluɓe babur ɗin da su, ya tsuguna yana dubawa yadda masu sana'arsu ke yi, daga ƙasa zuwa sama. Tayoyi sun sace sun tsattsage. Sarƙa ta daskare da tsatsa ta zama sanda. Ɓeraye sun cinye wayoyi, fatar sirdi ta bushe ta dare. Duk wannan bai dame shi ba, abin saye ne a kasuwa. Ya tofa yawu a yatsa ya goge lambar da ke jikin inji, ya goge ta jikin ƙarfen, ya ga sun zo ɗaya, wato ba a taɓa yi masa dashen wani inji ba. Sannan ya ɗaga ido ya dubi tankin.

Tankin asali ne, da fentinsa na kamfani da tambarinsa a kowane gefe, ko lotsawa babu. Ya lura yanar gizo-gizo ta kama kan babur ɗin, ta kama tayoyi, amma ko zare ɗaya bai sauka a kan tankin ba, kuma murfinsa fes yake kamar ana shafa shi kullum. Ya ɗora tafin hannu, ya ji sanyi irin na randa. Bai tsaya tunanin dalili ba. Ya miƙe ya ɗora ƙafa a kan ƙarfen tayarwa, wanda suke kira kik, ya danna a hankali. Injin da ya yi shekara talatin a ajiye kamata ya yi ya kame kamar dutse. Wannan kuwa sai ya juya sumul, ya saki wani dogon huci kamar numfashin mai barci.

Zuciyarsa ta buga don murna, amma sai ya ɓata fuska, ya yi tsaki, ya karkaɗe hannu. Ya juyo ya ce wa tsohuwar injin ya kama, tankin ma ta ciki ya ruɓe, abin ya mutu murus, ba mai sayensa sai 'yan gwangwan da za su auna a kilo. Ya ce shi dai don darajar marigayi zai ɗan ɗora wani abu a kan kuɗin kilon, ya rage mata kaya.

Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Sai ta ce ta sallama.

Da mai hankali ne, nan zai tsaya. Tsohuwar da ke tsince zare daga tsumma don kada ya tafi a banza, ita ce za ta sallama kayan mijinta a tayin farko? Amma kwaɗayi ya toshe masa kunne. Da zai fita neman motar ɗaukar kaya, ta ce masa, "Ɗan nan, kafin ka fitar da shi ka yi wa ɗakin sallama, ka faɗi inda za ka kai shi." Ya ce to, Iya. Bai yi ba. Ƙartin da ya ɗauko suka haɗa gumi kafin su ɗora shi a mota, suna mitar ba su taɓa ɗaga babur mai nauyin wannan ba.

A gida ya ajiye shi a ɗan shagon da ke bayan ɗakin girki, ya shiga kwance shi sannu a hankali, kowace yamma in ya dawo daga rumfa. Ya cire tankin ya ɗora a kan benci, ya haska ciki da tocila, ya ga 'yar tsatsa a ƙasa. Su bakanike ga yadda suke wanke tsohon tanki: a zuba tsakuwa a ciki, a bi ta da tafasasshen ruwa da soda, a rufe, a yi ta girgizawa har tsakuwar ta kankare tsatsar. Aiki ne na kullum, ya yi shi ba adadi.

Ranar ya dawo a makare, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ya ɗebo tsakuwa a bakin kwata, ya sauke tukunyar ruwan da Maman Auta ta ɗora don wanka. Ta leƙo ta ce ya bari sai da safe mana, magariba ta kawo jiki, ba lokacin watsa ruwan zafi ba ne a wurin da ido bai gani. Ya yi dariya ya ce aljanin da zai zauna cikin warin fetur ai sai in shi ma bakanike ne, in ya fito sai su raba aiki. Ko bisimilla bai yi ba. Ya buɗe murfi, ya zazzaga tsakuwa, ya tuttula ruwan.

Wani siririn sauti ya fito, kamar kukan jaririyar kyanwa da aka taka. Maman Auta ta ce mene ne wannan. Ya ce tururi ne. Ya rufe ya fara girgizawa, tsakuwar na ƙara a ciki, Auta ta rugo da gudu tana dariya tana cewa Baba a ba ta ita ma ta kaɗa. Ya naɗe tankin da tsumma saboda zafi, ya riƙe gefe ɗaya, ta riƙe ɗaya, tana jijjigawa tana rawa. Da suka gama ya tsiyaye ruwan, jajir da shi, ya zubar da tsakuwar a gindin katanga.

Washegari komai lafiya har yamma. An idar da sallar magariba, an shimfiɗa tabarma a tsakar gida, Maman Auta na zuba abinci, unguwa ta yi tsit irin shirun da ke sauka tsakanin magariba da isha. Sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, ya gangaro a hankali, ya tsaya. Suka ɗaga kai. Can wani ya sake faɗowa. Mai Sifana ya ɗauki tocila ya fita yana zagin yaran maƙwabta, ya zaga lungu bai ga ko akuya ba. Yana dawowa ya tarar da matarsa tsaye, ta miƙo masa tafin hannu. Tsakuwa ce a ciki, jiƙe, da ɗumi, ta rine da jan tsatsa, tana warin tsohon fetur. Ya karɓa ya jefar, ya ce a ci abinci.

Daga ranar kullum sai an yi jifan, kuma ba ya saɓa lokaci. Da rana gida lafiya lau, da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai a fara. Suka koma cin abinci a ɗaki, suka rufe ƙofa da taga, sai tsakuwar ta riƙa faɗowa a cikin ɗakin, daga silin da ba shi da ko huda. Ba da ƙarfi take zuwa ba. A hankali take sauka, cikin kwano, kan filo, cikin kofin ruwa, kamar mai ajiyewa ne da hannu yana so a gani.

Bayan jifan sai aka shiga jin injin. Shagon a kulle, mabuɗi a aljihun Mai Sifana, filogi da kafireta, waɗanda inji ba ya tashi sai da su, suna cikin kwali a ƙarƙashin gadonsa, amma kana jin kik yana sauka, injin ya juya, ya saki hucin nan, a ɗan dakata, a sake. A ƙarƙashin wannan kuma, in ka kasa kunne sosai, akwai muryar mace, ƙasa-ƙasa, tana rarrashi, da wani kuka siriri da ya ƙi tsayawa. Maman Auta ta tambaye shi ko ya ji. Ya ce iska ce ke kaɗa kwanon shago.

Ya sani, ku gane. Tun tsakuwar farko ya sani. Amma a cikin kwanakin nan ne wani Alhaji mai tara tsofaffin babura ya zo da rana ya duba kayan, ya shafa tankin nan kamar mai shafa kan ɗa, ya ce inji ana samu, ƙarfe ana samu, amma tanki na asali da fentinsa da tambarinsa shi ne babur ɗin gaba ɗaya. Ya faɗi abin da zai biya in an gama gyara, har Mai Sifana ya nemi bango ya jingina. Saboda haka ya ja bakinsa, yana cewa a ransa in ya gaggauta ya gama, abin zai bi Alhaji ya tafi can.

Sai Auta ta daina magana. Yarinyar da sai an roƙe ta take yin shiru, ta koma zama a lungun ƙofa tana kallon bango. Da magariba sai ta miƙe, bayanta ya ranƙwafa kamar na tsohuwa, ta naɗe hannuwa a ƙirji kamar mai rungume da jariri, tana kai da komo tana jijjiga abin da ba kowa ke gani ba. In ta ji tukunya na tafasa sai ta toshe kunne ta ƙanƙame jiki. Wata yamma uwarta ta zo yi mata wanka da ruwan ɗumi, ruwan na taɓa ta ta sandare, idonta ya juye. Da safe aka ga bororo sun taso a hannunta na dama, daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu, irin na ƙunar ruwan zafi, alhali ko kusa da murhu ba ta je ba. A asibiti aka wanke, aka shafa magani, aka naɗe, likita yana yi wa uwar kallon zargi. Kafin waɗancan su bushe wasu sun fito.

Maman Auta ba ta sake tambayar mijinta komai ba. Ta yafa mayafi ta tafi da ƙafarta ta ɗauko Malam.

Malam ɗin dattijo ne siriri, mai tari, ba ya sayar da laya, ba ya ƙona komai. Ya iso bayan la'asar, ya nemi tabarma da ruwan sanyi a kofi, ya sa aka zaunar da yarinyar a gabansa, uwar ta riƙe ta ta baya, uban kuma ya ce ya zauna a bakin ƙofa inda zai gan shi. Ya fara karatu, ba da ƙarfi ba, muryarsa na tafiya daidai kamar ruwa a kwata. Rana ta sauka daga bango. Ɗakin ya fara duhu, ba wanda ya tashi kunna fitila. Tsakuwa ta faɗo a tsakiyar tabarma, Malam bai ko kalle ta ba. Wata ta faɗo cikin kofin. Ya ci gaba.

Can Auta ta ɗago kai. Fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne. Da ta buɗe baki sai muryar babbar mace ta fito, a dishe, irin ta wadda ta kwana tana kuka.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, an riga an ƙona ni."

Malam ya tambaye ta wace ce ita, me kuma ya haɗa ta da yarinyar da ba ta san komai ba. Ta ce ita baƙuwa ce da ta samu ɗaki shiru bayan mai babur ya rasu, ta shiga tankin ta zauna, a nan ta haihu. Ta ce tsohuwar gidan na yi musu sallama, su ma ba su taɓa ɗaukar mata ko cokali ba. Ta ce ɗanta ba ya barci sai da ƙarar injin, shi ya sa kowace magariba take juya masa shi, shekara da shekaru, har ya saba. Sannan kan yarinyar ya juya a hankali zuwa bakin ƙofa.

"Wancan ya taka ya ji injin yana juyawa. Ni na raya masa shi. Ya dubi tsohuwa ya ce ya kama. Ya kwashe mu ba sallama, ya zubo mana duwatsu da wuta muna kwance. Ɗana fatarsa ta saluɓe. Na juya injin, na juya, ya ƙi barci."

Maman Auta ta dubi mijinta ta saman kan 'yarta. Shi kuwa ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa.

Malam ya ce an zalunce ta, wannan gaskiya ne, kuma ba zai rufe ta ba. Amma ita ma ta kama wadda ba ta da laifi. Ta ce hannun yarinyar ne ya girgiza, don haka hannun take so, ya shanye yadda na ɗanta ya shanye. Malam ya ce hannun yaro ba ya ɗaukar laifin wanda ya miƙa masa. Ta ce to a zubar mata da jini a gindin katanga. Ya ce ba a yanka wa kowa sai Allah, in ta sake faɗin haka zai koma karatu ba zai tsaya ba sai ɗayansu ya faɗi. Yarinyar ta yi wani gurnani, jikinta ya yi nauyi har uwar ta ji kamar ƙashin cinyarta zai karye. A waje ladan ya fara kiran magariba, muryarsa na zuwa daga nesa kamar daga wata duniyar.

Da ta sake magana muryar ta yi laushi. Ta ce ba ta son tayoyi, ba ta son injin ma, ɗanta yanzu ko ƙarar ƙarfe ya ji sai ya firgita. Gidanta take so. A mayar da tankin ɗakin da aka ɗauko shi, kafin faɗuwar ranar gobe, da yardar mai ɗakin, ba a ɓoye ba. A ɗauke shi da ƙafa, a hannu, kada a girgiza.

A nan ne Mai Sifana ya yi abin da matarsa ba ta manta ba har ya koma ga Allah. Ya gyara murya ya ce, "Malam, in na samo mata wani tankin fa, sabo, wanda ya fi wannan faɗi?"

A gaban idonsu fatar hannun Auta ta sama da bandeji ta kumbura, bororo ya taso ya cika da ruwa, yarinyar ba ta ko motsa ba.

Maman Auta ta ce, "Tashi ka ɗauko tankin nan. In ba haka ba ni zan kai shi, in ɗauki 'yata, kuma ba za ka sake ganin ko ɗayanmu ba."

Ya tashi. Ya je ya buɗe shago, ya kawo tankin ya ajiye a gaban Malam. Malam ya buɗe murfin da bisimilla, ya ɗauki alkawari daga bakin baƙuwar cewa ba za ta sake waiwayar gidan ba in an cika mata nata, ita kuma ta ce in rana ta faɗi tana waje za ta dawo, kuma ranar ba karatun da zai fitar da ita. Ya tofa a ruwan kofin ya shafa wa yarinyar a fuska. Auta ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sake yi, sai ta sulale a jikin uwarta kamar tsumma. Tankin da ke kan tabarma ya ɗan motsa shi kaɗai, sannan ya tsaya. Malam ya rufe murfin a hankali, yadda ake rufe ƙofar ɗakin mara lafiya.

Yarinyar ta kwana ta wuni tana barci, ba ta farka ba, numfashinta sama-sama. Malam ya ce ba za ta tashi ba sai an sauke baƙuwar a gidanta.

Mai Sifana ya fita tun rana na tsaka, ya naɗe tankin da zane mai tsabta, ya tallabe shi da hannu biyu a ƙirji kamar mai ɗauke da kwarya cike da ruwa. Tafiyar da nisa, ga shi ba halin sauri. Tankin da yaro zai iya ɗagawa da hannu ɗaya ya riƙa ƙara nauyi a kowace kwana. Abokan sana'arsa suka gan shi suna tsokanarsa, wai Mai Sifana an samu ƙaruwa ne ba a gaya musu ba. Bai iya ko murmushi ba, don ta jikin zanen yana jin wani abu na numfashi a kan ƙirjinsa. Sai da la'asar ta yi sanyi ya isa, hannuwansa sun mutu, ya durƙusa a gaban tsohuwar bai ajiye kayan ba, ya faɗa mata komai, har ƙaryar da ya yi mata a kan injin.

Ta ce, "Na sani. Shekara talatin ina jin sa yana juyawa duk magariba, ni kaɗai a gidan nan. Da ka ce ya kama, na ce Allah ya kawo mini wanda zai ɗauke su."

Ya ce ta yi wa Allah ta bari ya mayar. Ta ce ta sayar, kuma tun da aka fitar da shi take barci har da minshari, don me za ta dawo da baƙi. Ya ce ba za a ƙara juya injin ba, injin na gidansa. Ta ce wannan ya rage, amma bai isa ba. Ya dubi bango, rana ta sauko ta yi ja a saman katanga. Ya fara kuka, babban mutum da gemu, yana cewa 'yarsa, 'yarsa.

Tsohuwar ta bar shi ya yi mai isarsa. Sannan ta ce ran nan shi ya yi wa kayan mijinta kuɗi, ita ta yi shiru, yau ma shi zai sake yi, amma a bakin ƙofar ɗakin, da ƙarfi, yadda na cikin zanen za su ji. Ya bi ta ƙuryar gidan. Ya tsaya ya faɗi gaskiyar abin da babur ɗin ya kai ranar da ya gan shi, da injinsa mai rai da tankinsa na asali, bai rage ko kaɗan ba, don ya san wa ke saurare. Ta ce to wannan za ka cika mini, na kuma yarda. Ya ce ya ɗauka.

Ta yi sallama. Shi ma ya yi, ya faɗi ko shi wane ne da abin da ya kawo. Ya shiga ya durƙusa ya ajiye tankin a daidai inda tayoyin suka bar shaida a ƙura. Yana taɓa ƙasa ya zama sakayau, ba nauyi. Ya fito da baya, tsohuwar ta ja ƙofa ta datse kwaɗo, ladan ya ɗaga murya.

Da ya isa gida ya tarar da Auta zaune a cinyar uwarta, tana mitar an bar ta da yunwa, tana tambayar wa ya naɗe mata hannu. Ba ta tuna komai ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya kasa shiga.

Sai da ya sayar da injin waldarsa da babur ɗin da yake hawa zuwa aiki kafin ya cika wa tsohuwar alkawari, ya daɗe yana zuwa rumfa a ƙasa. Alhaji ya dawo ya ga babur ba tanki, ya zaga shi, ya yi tsaki, ya ce wannan ai sai 'yan gwangwan su auna a kilo. Mai Sifana ya ji maganarsa ta dawo masa daga bakin wani, ya ja tamfol ya rufe. Sun sha zuwa, 'yan gwangwan ɗin. Maman Auta ce ta hana a sayar. Ta ce a bar shi a nan inda maigida zai riƙa ganinsa kullum in zai fita ciniki.

Tsohuwar ta rasu, an sayar da gidan, ban san abin da sababbin masu shi suka yi da ɗakin ba, ban kuma je tambaya ba.

Me ka ce? Tabon hannun goggonku? Ba ruwanka da hannun goggonku, kuma in na ji ka tambaye ta sai na saɓa maka. Ka je ka mayar da tamfol ɗin nan yadda ka same shi, amma da safe, ba yanzu ba. Ke, sauke ruwan zafin can daga wuta, kada wanda ya zubar da shi a tsakar gida. Ku tashi ku karkaɗe shimfiɗa, kowa ya yi addu'a ya kwanta. In na kashe fitila kada in ji motsin kowa.